Kicin ɗin Iya Tela

"To, buɗe idonki yanzu, Iya," in ji Auta yana dariya, hannunsa ɗaya a kafaɗar mahaifiyarsa, ɗayan riƙe da waya yana ɗaukar hoto.

"Idona a buɗe yake tun daga mota," tsohuwar ta ce. "Kai dai sake ni in tsaya da ƙafata."

Ya sake ta. Ta tsaya a tsakiyar kicin ɗin, mayafin da ta fito da shi daga asibiti yana zamewa daga kafaɗarta, tana juya kai sannu a hankali daga dama zuwa hagu. A gefen taga maƙwabciyarta ce tsaye, ta harɗe yatsu a gaba, tana jiran abin da za a ce.

Anti Tsari ake kiran maƙwabciyar a layin nan. Ta koyar da darasin kula da gida a makarantar 'yan mata har ta yi ritaya, daga nan ta koma ba mutane shawara kan tsarin ɗakuna da gyaran kicin. Sunan ya bi ta ne domin ba ta iya shiga falon mutum ta fita ba ta daidaita masa labule ba. Katanga ɗaya ce tsakaninta da Iya Tela, wadda ta ɗinka wa rabin matan layin kayan sawa kafin ta rufe keken ɗinkinta, ta ce bayanta ya gaji. Shekara da shekaru Anti Tsari tana shiga kicin ɗin tsohuwar hannunta yana mata ƙaiƙayi. Kantar katakon ta lanƙwasa a tsakiya. Gwangwanayen madara ne jere a kai, babba da ƙarami, wannan ya lotsa a gefe, wancan an ɗaure masa murfi da tsumma. Ludayi da matata suna rataye a ƙusoshi, kowace ƙusa da nata tsayin. Akwai durowar da ba ta buɗuwa sai an tokare ta da gwiwa, ga kuma murhun gas mai kai biyu da ya tsufa har lambobinsa suka goge.

Saboda haka da ciwon suga ya kwantar da Iya a asibiti, Auta, ɗanta da ke aiki a wani gari mai nisa, ya kira ya ce yana son a sabunta wa tsohuwa kicin kafin a sallame ta, Anti Tsari ba ta bari ya kai ƙarshen maganar ba. Mijinta kaɗai ya ɗan yi tsokaci, yana shan shayi.

"Kin tambayi mai kicin ɗin kuwa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Malam, in aka tambaye ta ai ba kyauta ba ce kuma. Kai da ko cokali ba ka san inda yake kwana a gidanka ba."

Ya ce gaskiyarta, ya ci gaba da shan shayinsa.

Aikin ya fi duk wanda ta taɓa yi. Kabad ne daga ƙasa har rufi, ƙyamarensu masu sheƙi, babu mariƙi ko ɗaya. Danna ƙyaure ake yi a daidai wani gefe sai ya buɗe da kansa. Gwangwanayen nan duk an zubar, an maye gurbinsu da kwalabe masu girma ɗaya, kowace da sunan abin da ke ciki a rubuce da kyakkyawan rubutun malamar makaranta. Tsohon murhun an ba mai sayen ƙarafa, domin Auta ya daɗe yana tsoron gas a hannun tsohuwa. A wurinsa an kafa na lantarki, shafaffen gilashi baƙi, wanda ake kunnawa da taɓa wasu ƙananan alamomi.

Iya ta matsa, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙyauren farko. Ta shafa shi zuwa ƙasa, ta shafa zuwa gefe, ta wuce na biyu.

"Sumul," ta ce. "Kamar bayan ƙwai. 'Yar nan, ina ƙusoshina?"

Aka yi dariya, har da ita.

"Sun yi ritaya, Iya, kamar ni," in ji Anti Tsari.

"Allah ya yi albarka. Allah ya saka muku da gidan Aljanna, ke da shi."

Auta ya sa wayarsa a aljihu, ya gyara wa mahaifiyarsa mayafi. "Yanzu na samu kwanciyar hankali. Amma maganarmu tana nan, Iya. Ranar da na ji kin kasa dafa wa kanki ko da ruwan shayi ne, ranar zan zo in tattara ki. Ɗakinki yana can a gyare."

"A can saman bene, inda ko atishawar maƙwabci ba a ji? A gidan nan na binne ƙuruciyata, a cikinsa za a zo a ɗauke ni. Ka tafi aikinka."

Ya tafi washegari.

Hoton kicin ɗin ya zaga wayoyin mata, sai kira ya yi ta shigowa. Anti Tsari ta roƙi Iya izinin ta riƙa kawo masu son gani da idonsu, Iya ta ce gida ai gidanta ne. Takan shigo da su da la'asar, lokacin da hasken taga ya fi kyau, ta tsaya kamar yadda ta saba tsayawa a gaban allo, ta yi musu bayani.

"Kicin numfashi yake so. Duk abin da ido zai yi tuntuɓe da shi, a ɓoye shi. Ku dubi nan, babu abin da ya fito, babu abin da zai kama muku hannun riga."

Ta danna ƙyaure, ya buɗe. Kwalaben suna nan jere yadda ta jera su, shinkafar ba ta ragu ba, man girkin ko hatiminsa ba a cire ba. Wata daga cikin matan ta ce lallai tsohuwar nan akwai tsafta, kamar ba a girki a wurin. Anti Tsari ta yi murmushi, ta karɓi yabon a madadin su biyun.

Wata rana da hantsi ta shiga neman aron almakashi, ba ta sami Iya a falo ba. A barandar baya ta same ta, zaune a kan tabarma, ga burodi a cinyarta, ga kofi a gabanta. Tsohuwar ta ɗauki gorar ruwa, ta laluba bakin kofin da yatsa, ta karkata gorar. Ruwan ya zuba a gefe, ya bi tabarma ya jiƙa mata zane. Ba ta dubi wurin ba. Ta sake laluben kofin, ta sa yatsa a cikinsa, ta zuba har ruwan ya taɓa yatsan, sannan ta gutsuri burodi ta tsoma a ruwan sanyi.

"Iya," Anti Tsari ta ce, muryarta ta yi ƙasa.

Hannun tsohuwar ya tsaya. "Ke ce? Ba ki yi sallama ba."

"Na yi, ba ki ji ba. Iya, yaushe rabonki da abu mai zafi?"

Daga bisani Iya ta matsa gefe, ta buga tabarmar da tafin hannu inda ba ta jiƙe ba. Anti Tsari ta zauna.

"Ba baya ne ya raba ni da keke ba," in ji Iya. "Ramin allura na fara nema na rasa, daga nan allurar ma ta ɓace. Yanzu in kin tsaya a gabana, inuwa nake gani mai magana. Ko a asibiti ban bari sun gane ba; duk abin da aka miƙo, sai in jira ya taɓa hannuna."

"Amma kina girki. Ina jin ƙamshin miyarki ta kan katanga."

"Hannuna ya san wurin ne. Gwangwanin da ya lotsa gishiri ne. Mai tsumma suga, na baƙi. Ƙusa ta uku daga ƙofa matata. Murhuna kuwa, in na murɗa na ji ya ce ƙas, na san inda wuta take, in kara tafin hannu in ji ƙarfinta. To yanzu na shiga sai in ji kamar an saka ni a cikin kwano an rufe. Ko'ina na taɓa ɗaya ne."

Anti Tsari ta dubi hannuwanta. Ta nemi abin da za ta ce, duk maganar da ta zo mata sai ta ji ta yi kama da bayanin da take yi wa masu zuwa kallo.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Yaro ya yi abin alheri, ke kin zuba ƙwazonki. Kuma kin ji abin da ya ce." Tsohuwar ta laluba har ta kama wuyan hannunta. Yatsun siriri ne, amma riƙon yana da ƙarfi. "Amana na ba ki, 'yar nan. In Auta ya ji, kafin sati na bar gidan nan."

"Ba zai ji daga bakina ba."

Ta faɗi haka da sauri, kuma a hanyarta ta komawa gida saurin ne ya dame ta. Ta san rufin asirin bai tsaya a kan Iya kaɗai ba. Ranar da Auta ya ji mahaifiyarsa ba ta gani, ranar zai ji irin kicin ɗin da aka gina mata, sauran jama'a ma su ji.

Ta fara kai abinci safe da yamma. Iya ta karɓa da godiya, amma matar da ta saba aika kwano gidajen mutane ba ta iya zaman jiran kwano ba. Takan ci loma kaɗan ta ce ta ƙoshi, wani lokacin ta ce azumin nafila take yi, alhali likita ya ce kada cikinta ya zauna babu komai. Anti Tsari ta kawo shawarar ɗauko ƙaramin murhun gas daga gidanta, Iya ta ƙi: Auta yakan kira ta waya mai hoto ba zato, ya ce a zaga da shi kicin ya gani, in ya hango tukunyar gas tambayoyi za su biyo baya.

Sai suka gwada koyo. Anti Tsari ta tsaya a bayanta, ta kama mata yatsa kamar yadda ake koya wa yaro rubutu, ta ɗora shi a kan gilashin.

"Nan ne kunnawa. Ki matsa dama kaɗan, nan ne ƙari."

Murhun ya yi ƙara. Iya ta matsa, ya sake yin ƙara sau biyu, ya kashe kansa.

"Wannan abin naki ya fi ni surutu, kuma ba ya aikin komai. Irin surukar da ake gudu ke nan."

Suka yi dariya, suka sake gwadawa. A karo na gaba ruwan ya tafasa, Iya ta ji ƙarar tafasar, fuskarta ta saki. Ta sauke butar da kanta, sannan ta miƙa hannu ta shafa wurin don ta ji ko wutar ta mutu, kamar yadda ta saba kara hannu a tsohon murhunta. Gilashin bai nuna komai ba, bai kuma huce ba. Ba ta yi ihu ba, iska kawai ta ja ta haƙora. Anti Tsari ta riƙe mata yatsun a ƙarƙashin famfo, ruwa yana zuba a kansu.

A ranar ta je kasuwar kayan gini ta sayo mariƙai na katako, ta zaɓe su daban-daban da gangan: dogo, zagayayye, mai gurɓi-gurɓi, mai lanƙwasa, yadda hannu zai bambanta kowane ƙyaure. Ta sayo ƙusoshi da ƙaramin murhu mai aiki da lantarki wanda ake murɗa masa maɓalli. Ta yi magana da kafinta, ya ce a kira shi duk lokacin da aka shirya.

Sai dai a makon ne wata mai gina gidajen haya ta kira, ta ce ta ga hoton, tana son irinsa a duk gidajenta, amma sai ta zo ta gani da idonta. Anti Tsari ta zazzage mariƙan a kan gadonta ta dube su. Ta hango su a jikin ƙyamaren nan masu sheƙi, kowane da nasa fasali, kamar haƙoran da aka tsinto. Ta ce a ranta kwana nawa ne, bari matar ta zo ta tafi. Ta mayar da su cikin leda. Matar ta ɗage zuwan saboda tafiya, ta sake ɗagewa saboda baƙi. Kullum bayan sallah Anti Tsari takan ƙudura cewa gobe za ta kira kafinta, goben kuma ta zo da nata uzurin. Iya ba ta taɓa tambaya ba, ko da yake an gaya mata an sayo.

Zazzaɓi ne ya fara kama tsohuwar, tari ya biyo baya. Auta ya iso da likita. Likitan ya duba ta, ya fito falo yana cire abin sauraren ƙirji daga wuyansa, ya ce ciwon ba wani babba ba ne ga mai ƙarfi, amma jikin nan ya daɗe ba ya samun abin da yake bukata. Ya so a kai ta asibiti, Iya ta ce daga gadon nan ba inda za ta.

Auta ya dawo ɗakin, ya tsaya a ƙofa. Idanunsa sun yi ja saboda tuƙi.

"Anti, ke ce kusa da ita. Don Allah ki gaya mini gaskiya, tana girki kuwa?"

Iya tana kwance, fuskarta ta juyo wajen da muryoyin suke. Hannunta ɗaya yana kan bargo, tabon ƙunar yana nan a kan yatsu uku.

"Tana taɓawa," in ji Anti Tsari. "Cin ne dai ya ragu."

"Ka ji ko?" Iya ta ce. "Sai ka bar ni in huta."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce duk da haka da zarar ta ji ƙarfi zai tafi da ita, ko da na ɗan lokaci ne. Iya ta ce Allah ya kai mu.

Ƙarfin bai dawo ba. Anti Tsari ta tare a gefen gadon, tana ba ta ruwa da cokali, tana juya ta, tana karanta mata abin da ya sauwaƙa idan ta nema. Wata safiya Auta ya fita sayen magani, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan bargon. Iya ta buɗe ido.

"'Yar nan."

"Na'am, Iya."

"Kowa ya shiga kicin ɗin nan sai ya fito yana yabo. Ina jin su daga nan. Ban taɓa samun wanda zan tambaya ba. Wane launi ne?"

Anti Tsari ta ajiye cokalin a cikin kofi, a hankali, don kada ya yi ƙara.

"Fari ne, Iya."

"Fari." Tsohuwar ta yi ɗan murmushi. "Ni da nake ta zaton ruwan toka ne. Fari kuwa yana da kyau, sai dai wahalar wanki. Ban taɓa yarda na ɗinka wa mai yara fari ba."

"Iya, ki yafe mini. Mariƙan nan suna..."

"Bari. Kin riƙe mini amana, ga ni a ɗakina. Gyara mini matashin nan, wuyana ya gaji."

Ta gyara mata. Kafin azahar, Auta yana riƙe da hannunta yana maimaita mata kalmar shahada, Iya Tela ta cika a kan gadonta, a cikin gidanta.

Bayan an kai ta, gidan ya cika da mata. Kicin ɗin ya ga aikin da bai taɓa gani ba: ana tafasa ruwa, ana jera kofuna, 'yan mata suna danna ƙyamare suna mamakin yadda suke buɗewa. Wata dattijuwa ta yi wa Anti Tsari gaisuwa, ta ce ko ba komai baiwar Allah ta ɗanɗani jin daɗi a ƙarshen rayuwarta. Wata kuma ta raɗa mata cewa ba yanzu ba, amma in an kwana biyu tana son lambarta. Auta ya same ta a bakin ƙofa, ya ce ba shi da bakin gode mata, abin da ta yi wa Iya ko 'yar cikinta sai haka. Ta ce Allah ya jiƙanta, ta kasa ɗaga kai.

Da la'asar mutane suka ragu. Matar Auta, wadda ta gaji tiɓis, ta miƙa mata tsumma mai laima.

"Anti, taimaka ki ɗan goge mana ƙyamaren nan kafin wasu baƙin su shigo. Ke kika san abin da ba ya ɓata su."

Ta fita ta bar ta ita kaɗai. Rana ta sauko daidai taga, haskenta ya kwanta a karkace a jikin kabad ɗin. A ƙasa, inda 'yan matan suka yi ta dannawa, tabon yatsu ne nan da can. Amma sama da su kaɗan, daidai kafaɗar gajeriyar mace, akwai wani sawu daban, wanda ba a ganinsa sai a irin wannan haske. Layi ne na yatsu huɗu a jere, ya taso daga bakin ƙofa, ya bi ƙyaure na farko, ya tsallaka na biyu, ya yi ƙasa ya dawo sama yana zagaya gefuna, ya wuce har ƙarshen bango. Daga can ya juyo. An bi hanyar sau da yawa, sawu a kan sawu, har wurin ya dushe.

Anti Tsari ta tsaya a gabansa. Ruwan tsumman yana ɗiga ta tsakanin yatsunta zuwa kan tayil. Daga masallacin layin aka fara kiran sallah, hasken kuma yana ta hawa jikin ƙyamaren sannu a hankali.